Ƙwaya Kullum a Jamus, Sai Kai Ya Sara a Kano: Abin da Ya Raba Shan Magani a Duniya

Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano cewa tsakanin 2015 da 2018 kusan rabin mutanen ƙasar sun sha aƙalla magani ɗaya na takardar likita a cikin kwana 30 kafin a tambaye su, kuma fiye da mutum ɗaya cikin goma yana shan kala biyar ko sama da haka. Wanda ya ji wannan zai iya ɗauka cewa Amurkawa sun fi kowa ciwo, ko kuma talakan Afirka da Asiya yana da ƙarfin jikin da bai buƙatar magani. Ko ɗaya ba haka ba ne. Talaka ma yana shan magani, wani sa'in har ya wuce kima. Inda aka rabu shi ne irin maganin da kowa ke sha, da tsawon lokacin da zai yi yana sha, da kuma aljihun da kuɗin ke fitowa.

A ƙasashe masu arziki, mafi yawan abin da likitoci ke rubutawa maganin zama ne, wanda ake sha kullum har shekaru: na hawan jini, na rage kitsen jini, na ciwon suga, na asma, na ciwon damuwa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, abin da ya fi tafiya shi ne maganin kwana uku zuwa bakwai: na zazzaɓin cizon sauro, antibayotik, na ciwon jiki, na tari. A can ana shan magani ne saboda wata lamba da aka gani a gwaji. A nan sai jiki ya yi ƙara tukuna.

Shekaru suna da nasu kason. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce, a Nijeriya kuwa kusan kashi 3 ne, rabin 'yan Nijar ma ba su wuce shekara 15 da kaɗan ba. Tsoho ya fi yaro tara cututtukan zama, don haka ƙasar tsofaffi dole ta fi shan ƙwaya. Amma wannan bai ɗauke maganar duka ba. Binciken PURE, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2011, ya bi mutane a ƙasashe 17, ya ware waɗanda suka riga suka gamu da ciwon jijiyoyin zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan mutane babu gardama a kansu, kowane likita ya san ya kamata su riƙa shan asfirin, da maganin rage kitsen jini, da na hawan jini, don kada abin ya dawo. A ƙasashe masu arziki, kashi 11 cikin 100 ne kawai ba sa shan ko ɗaya daga ciki. A ƙasashe matalauta, kashi 80 ne. Ciwo ɗaya, buƙata ɗaya, kuma magungunan ba sababbi ba ne, duk tsofaffi ne masu araha a kasuwar duniya. To a ina ake zubar da mutanen?

Wuri na farko shi ne gano ciwon. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi yana zuwa gona da kasuwa lafiya lau. Ba a tabbatar da shi sai an zaunar da mutum ya huta kamar minti biyar, an auna shi da ɗamarar da ta yi daidai da kaurin damtsensa, an ga 140 bisa 90 ko sama, sannan a sake gani a wata ranar daban. A Jamus, inda ake da likita fiye da 40 ga kowane mutum 10,000, da wuya magidanci ya yi shekara biyu ba a ɗaura masa abin awo ba, ko da mura ce ta kai shi. A Nijeriya likitocin kusan 4 ne ga mutum 10,000, mafi yawansu a birane, kuma kullum wasu na tafiya Birtaniya da Saudiyya. A Nijar ba su kai ɗaya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ke da hawan jini, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Wanda ba a auna ba, ba za a rubuta masa komai ba, kuma ba zai shiga lissafin masu shan magani ba. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi.

A ce an auna, an gano, an rubuta. Nan ne fa gizo ke saƙar: wa zai biya? A Ingila, mai takardar likita yana biyan fam 9.90 a kan kowane magani tun daga 2024, ko da ainihin kuɗinsa ya kai ɗaruruwan fam, kuma mafi yawan magungunan ma kyauta ake bayarwa, domin yara da waɗanda suka kai shekara 60 da masu ciki da masu wasu cututtuka ba sa biya. A Sikotilan an soke kuɗin baki ɗaya tun 2011. A Jamus abin da ke fita daga aljihun mai inshorar gwamnati yuro 5 zuwa 10 ne. Haraji da kuɗin inshora da aka tara daga masu lafiya su ke ɗaukar sauran. A Nijeriya kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa, nan take, a ranar da ake cikin tashin hankali. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma har yanzu mafi yawan jama'a, musamman manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su cikinta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantar kemis da yamma ya san yadda wannan ke kasancewa. Dattijo zai miƙo takarda a ninke, an rubuta amlodipine miligiram 5, ɗaya kullum, na wata guda. Mai kemis ya faɗi kuɗi. Dattijon ya laluba aljihu ya ce, "Yaro, ba ni na kwana biyar, in na samu na dawo." Mai kemis ya ɗauko almakashi ya yanko ƙwaya biyar daga jikin katin, ya zuba a 'yar leda, ya ja layi ɗaya da biro a jikinta. Ranar da aka yanka katin, an yanke sunan maganin da ranar lalacewarsa. Kwana biyar ɗin za su rage ciwon kai, sai ya ga ai ya warke. Amlodipine ba ya warkar da hawan jini, yana riƙe shi ne muddin yana cikin jiki, kuma cikin 'yan kwanaki da dainawa jinin zai koma inda yake. Ga shi yawancin masu ciwon ƙwaya ɗaya ba ta isar su, sai an ƙara zuwa miligiram 10, ko a haɗa da wata kamar losartan ko mai sa fitsari, wanda ke nufin a koma asibiti a sake awo bayan wata guda, a sake biyan kuɗin mota, a bar aikin yini. In kuma ƙafa ta kumbura saboda amlodipine, ko lisinopril ya kawo busasshen tari, babu wanda ya gargaɗe shi tun farko cewa hakan na faruwa kuma ana iya canja masa wani. Sai ya watsar, ya koma jiƙo. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma zalunci ne a kira shi jahilci. Mutumin ya yi lissafi ne tsakanin ƙwaya da cefanen gida.

Abin takaicin shi ne talaka sau da yawa ya fi biyan tsada a kan maganin da ya kamata ya zo da araha. Wani nazari da aka buga a 2009 a kan ƙasashe 36 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ya samu cewa a asibitocin gwamnati, magunguna masu rahusa da aka duba ana samun su ne tsakanin kashi 29 da 54 cikin 100 na wuraren, gwargwadon yanki. In aka ce "babu, je ka waje", a shagon 'yan kasuwa mutum yana biyan ninki 9 zuwa 25 na farashin da manyan masu saye ke biya a kasuwar duniya. Dalili shi ne hannayen da maganin ke bi. Ana yin sinadarin a Indiya ko Sin, a matsa shi ƙwaya, mai shigo da kaya ya nemi dala, ya biya jirgi da tashar ruwa, ya ɗora ribarsa, babban dila ya ɗora, ƙaramin dila ya ɗora, mai kemis ya ɗora. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ciniki ne a madadin mutum miliyan sittin da wani abu, shi ya sa kamfani ke saurarenta. Mai kemis a Gaya ko Tasawa kwali biyu yake saye, ba shi da bakin ciniki.

Sai kuma canjin kuɗi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,400 a 2024, duk maganin da ake shigowa da shi ya bi ta. A watan Agustan 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, ya bar wa dillalai, Sanofi ma ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Masu asma da ke dogara da Ventolin, maganin shaƙa na GSK, sun ji a jikinsu. Umarnin shugaban ƙasa na 2024 da ya cire haraji a kan kayan haɗa magani mataki ne mai kyau, sai dai masana'antun gida ma da dala suke sayo sinadari.

Insulin, allurar masu ciwon suga, ya fi kowane magani nuna cewa samun ƙwaya ko kwalba ba shi ne ƙarshen magana ba. An gano shi a Toronto a 1921, amma yau kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa, kuma kusan rabin masu ciwon suga nau'i na biyu da ke buƙatarsa a duniya ba sa samu. Bayan kuɗin kwalbar akwai sirinji, akwai na'urar awon suga da tsinkayen gwajinta, waɗanda kan fi insulin ɗin cin kuɗi. Wanda ke yin allurar ba tare da awo ba yana cikin haɗarin suga ya faɗi ya suma, balle in ya yi allura bai samu abinci ba. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma a ƙare ta cikin kamar mako huɗu. Ina firji a garin da babu wuta? A nan akwai labari mai daɗi: binciken da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ajiye kwalbar a inuwa, cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, ya fi barin allurar gaba ɗaya nesa ba kusa ba. Ita ma Amurka ba ta tsira a nan ba, an sha samun masu rage allura saboda tsada, sai a 2023 aka ƙayyade wa tsofaffin da ke cikin shirin inshorar gwamnati na Medicare dala 35 a wata.

Ta ɓangaren antibayotik kuwa, abin ya juye. Tsakanin 2000 da 2015 shan su a duniya ya ƙaru da kashi 65 cikin 100, kuma ƙasashe masu tasowa ne suka ja ƙarin. A Holan ko Suwidin, mai mura zai koma gida ba kafso, domin ba a sayarwa sai da takarda, likitan kuma yana da gwajin da zai kafa hujja da shi. A nan kuwa gwaji yakan fi maganin tsada, sai a haɗa komai a leda ɗaya: na maleriya, da cipro saboda "taifot", da Flagyl, da na ciwon jiki. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yana nuna taifot ga mutane da yawa da ba su da ita. A sha na kwana biyu, a ji sauƙi, a ajiye saura don gaba. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne ke koyon jure maganin. An ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk da haka, a ƙauyen da ke nesa da titi, yaro mai ciwon huhu yana iya mutuwa don babu amoxicillin na kwana biyar. Wuce kima da rashi suna zaune a ƙaramar hukuma ɗaya. Shi ya sa rufe kemis da ƙarfin hukuma ba tare da an samar da madadinsa ba ba zai yi aiki ba, don a garuruwa da yawa shi ne kawai abin da ke akwai. A kan wannan kuma ga jabu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, abin da ke sa mutum ya sha daidai yadda aka ce bai warke ba, ya yanke ƙauna da maganin asibiti.

Babu inda ratar ta kai muni kamar maganin raɗaɗi mai tsanani. Mofin tsohon magani ne, babu kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, kuma yana da araha ƙwarai. Shi ne abin da mai ciwon daji da ya ci jiki, ko wanda ya ƙone, ko wanda aka yi wa babbar tiyata yake buƙata. Kwamitin masana na The Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. A ɗaya gefen, Amurka ta nutse a ciki. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ƙwayar raɗaɗi dangin mofin, a 1996, ya tallata shi ga likitoci da iƙirarin cewa ba ya saurin kama mutum, ya kuma amsa laifin yaudara a kotu a 2007. Daga ƙwayar likita mutane suka koma hodar heroin da fentanyl na bayan fage, har a 2021 da 2022 masu mutuwa ta shan ƙwaya fiye da kima suka wuce 100,000 a kowace shekara. Amurka da New Zealand ne kaɗai ke barin a tallata maganin takardar likita kai tsaye ga jama'a a talabijin. Yawan shan magani, ke nan, ba kullum yake nufin lafiya ba.

Me ya hana mofin isa gadon talaka? Yarjejeniyar duniya ta 1961 ta ce kowace ƙasa ta aika wa INCB, hukumar duniya mai sa ido a kan ƙwayoyi masu sa maye, ƙiyasin abin da take buƙata a shekara, ba za ta shigo da fiye da haka ba. Ƙasar da bara ta yi amfani da kaɗan, bana ma kaɗan za ta nema, sai rashi ya riƙa haifar da rashi. A cikin gida kuma akwai lasisi, da akwati mai kwado, da rajistar da ake rubuta kowane miligiram, da tsoron kamu idan lissafi bai cika ba. Mai harhaɗa magani sai ya ga gara kada ya ajiye. Likitan da bai taɓa rubutawa ba kuma yana tsoron zai kashe mara lafiya. Indiya, wadda ke noman furen da ake yin mofin da shi, ta kafa doka mai tsauri a 1985, amfani da shi a asibitocinta ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100, sai a 2014 aka sassauta. Ana cikin haka tramadol, wanda yarjejeniyar duniya ba ta ɗaure shi ba, ya cika Afirka ta Yamma a ƙarfin miligiram 200 da 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Binciken ƙasa na 2018 da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya tallafa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba don ciwo ba, a shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin. Saurayi mai lafiya yana samun ƙwayar maye a bakin tasha, uwarsa mai ciwon daji na mama tana kwana tana kuka a kan farasitamol. Wannan abin kunya ne, kuma ba talauci ne ya kawo shi ba.

Yuganda ta nuna haka. Tun daga 1993, ƙungiyar Hospice Africa Uganda ta Dakta Anne Merriman ta fara shigo da garin mofin, a auna shi, a narka a ruwa mai tsabta, a sa sinadarin hana lalacewa da launin abinci, kore ga mara ƙarfi, ja ga mai ƙarfi, don kada a rikita su. Ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk bayan awa huɗu, a ƙara sannu a hankali har raɗaɗin ya kwanta, a haɗa da maganin sakin ciki domin mofin na ɗaure ciki. A 2004 ƙasar ta ba nas-nas da jami'an lafiya da suka samu horo na musamman ikon rubuta shi, ba sai an jira likita ba.

Masu cewa ai ɗan Afirka ba zai iya riƙe shan ƙwaya kullum ba, maganin HIV ya ƙaryata su. A shekarar 2000 kuɗinsa na shekara ya wuce dala 10,000 ga mutum ɗaya, saboda dokokin haƙƙin mallaka da suka fara aiki a 1995 suna ba kamfani kariyar shekara 20. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin kala uku a kan dala 350 a shekara, kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu, sanarwar Doha ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'arsu. Asusun Global Fund ya zo a 2002, shirin PEPFAR na Amurka a 2003. Aka sayi maganin a dunƙule, aka mayar da shi ƙwaya ɗaya a rana, aka ba nas ikon bayarwa, aka riƙa ba mutum na wata uku zuwa shida lokaci guda, aka sa masu bin sawun wanda bai dawo ba. A 2023 farashin ya sauka ƙasa da dala 45 a shekara, masu sha kuma sun haura miliyan 30, mafi yawansu a Afirka. An fara gwada irin wannan tsari a kan hawan jini a cibiyoyin lafiya matakin farko na jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikacin lafiya ke bin ƙa'ida guda a rubuce, mataki bayan mataki.

Raunin tsarin HIV shi ne kuɗinsa na baƙo ne. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, asibitoci da dama a Afirka sun rasa ma'aikata da masu kai kaya cikin 'yan makonni. Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin shekarar don toshe giɓin. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron har yanzu tana yawo ne a wajen kashi 5.